Rina a Buhun Algarara

Ƙarfe shida nake buɗe ɗakin bincike,
kafin masu kunu a hanyar Tarna su sauke tukunya.
Abin da nake kiwo bai fi ƙwayar riɗi ba,
ba ya kuka, ba ya neman dusa,
ɗigon zuma a kan auduga ya ishe shi kwana.

Inna ta ce, “Zuwaira, shekara biyar a jami'a
don ki ƙare da renon ƙwari?”
Na ce, “Inna, ai ma'aikata ne.”
Ta yi dariya har goro ya shaƙe ta.

Murzuna ce abokiyar gabarmu.
Takan bari hatsi ya yi ciki, ya fid da kai,
sannan ta bi zangarniya tana kewaya ta
kamar mai naɗa zare a mazari.
Manomi ya ga dami arba'in da idonsa,
ranar sussuka ya tashi da ƙaiƙayi.
'Yar rinata kuwa takan iske ta a maɓoya,
ta soke ta, ta aje ƙwai a jikinta,
'ya'yan su ci, su yi fiffike, su nemi wata.
Babu feshi, babu tari,
babu galan ɗin guba da yaro zai wanke ya zuba ruwa.

Bara muka rataya buhu goma sha biyar
a wani ƙauye bayan gulbi.
Tsoho Arzika ya leƙa ramukan buhun ya ce,
“Ƙwaro zai yi mini gadin gona?
To nawa ne albashinsa?”
Da kaka sai ga shi a bakin ƙofarmu
da tiya biyu ƙulle a gefen riga.
“Ba taki ba ce,” in ji shi, “ta masu gadi ce.”

Wata Laraba Mushe Kalla ya kira ni ajinsa.
Wani dogon yaro daga bencin baya ya ce,
“Maganin da ya yi wa kakana aiki
yau ƙwaro wanka yake da shi. Jabu ne?”
Na ɗauki alli. Na ce a fesa wa dubu,
uku su tsira don jikinsu ya ɗan bambanta.
Su wa za su haihu?
Jikokin wa za ka tarar baɗi a gonar wake?
Ya yi shiru, sannan ya ce,
“Ke nan halitta tana sauyawa?”
Ajin ya yi tsit. Mushe ya dubi ƙofa.
Ban ja aya ba, ban ja gardama ba,
na ce, “Zo ranar Asabar mu ƙirga tare.”
Sunansa Tsahiru. Har yau yana zuwa,
ya fi ni ido a madubin.

Sai takarda ta zo daga Yamai:
kuɗin furoje sun ƙare, a rufe lissafi,
a jira sabon zama, a jira sa hannu.
Murzuna ba ta san shekarar kasafi ba.
Ruwa ya sauka, za ta fito,
ko an sa hannu ko ba a sa ba.

Wuta ta ɗauke kwana huɗu,
injin babu mai, kwalabe suna gumi.
Na kwashe goma sha biyu a kwali,
Tsahiru ya goya ni a moto,
muka jera su gindin randa, inda ƙasa ke da sanyi.

Da asuba na fito alwala
na tarar da Inna a tsugune,
tsinke a hannu, tana ɗiga zuma.
Ba ta waiwayo ba ta ce,
“Wannan ta gefe ba ta ci jiya ba.”